Ɗana, Kada Ka Rufe wa Ciwon Nan Baki

Sakkwato, daren Laraba.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka da sauƙi. Innarku tana gaishe ka, Gwaggo ta Mabera ma haka, ƙannenka duk suna lafiya. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, har mun fara fitar da tabarmi tsakar gida.

Na zauna rubuta maka ne don a waya ba ka bari in kai aya. Da na ɗauko magana sai ka ce "To Baba, in sha Allahu Baba," can kuma ka ce ana kiran ku fili. Takarda ba a katse ta. Ka karanta yau ko ka tura ta ƙarƙashin filo, tana nan tana jiran ka.

Yaron gidan Alhaji na bayan layinmu, wanda ke bin motar albasa zuwa Legas, ya dawo shekaranjiya. Ya shigo gaida Innarku, ni ina zaure ina jin su. Ya ce ya biya Agege ya gan ka. Ya ce da kan yatsu kake taka ƙafar dama, kana jan ta. Da kuka je cin abinci, a gefe guda ka ɗosana a bakin benci. Da ka ɗage gajeren wando kuwa, bayan cinyarka ya yi baƙi kamar an tsoma shi a marina, tun daga sama har bayan gwiwa. Ni kuma ka ce mini ɗan targaɗe ne, kwana biyu za ka miƙe. Shekara 31 na yi ina koyar da wasannin motsa jiki, Babana. Targaɗe ba ya hana mutum zama a kan benci. Ƙaryar nan ta fi ciwon ɓata mini rai, ban ɓoye maka ba.

Sauran maganar bai yi ta gaban Innarku ba, Allah Ya yi masa albarka. Sai da aka sallame isha'i ya biyo ni, ya ja ni gefen masallaci. Ya ce mutanen da ke ɗaukar 'yan wasa zuwa waje za su zo kallon ku nan da mako biyu, kuma an ce maka akwai allurar da za a yi maka ka buga ranar ba tare da ka ji komai ba. Sannan ya ce ya ga katin tiramol a cikin takalminka na ƙwallo, an ɓalle biyu.

Tun daren nan ban yi barcin kirki ba. Zan dawo kan wannan maganar. In na fara da ita, sauran abin da nake so ka sani ba zai samu wuri ba.

Bari in koma malami na ɗan lokaci, ko ba ka so. Abin da mutanenmu ke kira jijiyar bayan cinya tsoka ce, kuma uku ne kwance gefen juna. Sun taso daga ƙashin nan da mutum ke zama a kansa, suka gangara bayan cinya, suka tsallake gwiwa suka kama ƙasusuwan ƙwauri, biyu ta ciki, ɗaya ta waje. Ka sha ganin irinsu ranar layya in muna fiɗa: jan naman cinyar baya da ke sirancewa har ya koma farin zare mai sheƙi, wanda wuƙa ke zamewa a kansa. Su ke lanƙwasa gwiwa, su ke tura cinya baya. Amma ga mai gudu babban aikinsu birki ne. In ka kwasa a guje ka wurga ƙafa gaba, kafin ta taɓa ƙasa su ne ke riƙe ta kada ta wuce. A ɗan wannan lokacin tsokar tana miƙe iyakar miƙewa, kuma tana ja iyakar ja. Nan take yagewa, kuma galibi ta wajen ce ke tafiya. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, ya dafe bayan cinya kamar an jefe shi da dutse.

Likitoci sun kasa raunin gida uku. Ka ɗauki igiyar guga. In 'yan silalla kaɗan suka tsinke, igiya tana aiki, mutum yana tafiya da ɗan ciwo, mako 1 zuwa 3 ya koma fili. In wani sashe mai yawa ya tsinke, sai ɗingishi da kumburi da taruwar jini, wannan yakan ci mako 4 zuwa 8. In kuwa igiyar ta rabu gaba ɗaya, ko ta ɓalle daga jikin ƙashi, ana maganar wata 3 zuwa sama, wani lokaci sai an yi tiyata an ɗinke, kuma tiyatar ta fi kyau a makonnin farko kafin tsokar ta janye ta dunƙule. Daga abin da yaron nan ya siffanta, naka ba na farko ba ne. Baƙin da ya gangaro bayan gwiwa jini ne da ya zuba a ciki, nauyinsa ya ja shi ƙasa. Abin da ya fi damu na shi ne rashin iya zama. Ka sa yatsa ka bi bayan cinyar a hankali. In ciwon yana can sama daf da ƙashin zama, ko ka ji wani rami a cikin naman, ko ƙafar tana yi maka dindiris har zuwa tafin ƙafa, to wannan ba na jira ba ne, akwai babbar jijiya da ke wucewa ta wurin. Sai likitan ƙashi ya duba, a yi hoto, na sikanin ko na MRI, a ga girman yagewar da ido.

Kada ka ɗauka kai kaɗai tsautsayi ya zaɓa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, tana bin diddigin raunukan manyan kulob tun 2001, ƙarƙashin wani likita ɗan Suwidin, Jan Ekstrand. A farkon lissafin, raunin bayan cinya kashi 12 cikin 100 ne na duk raunuka. A kakar 2021/22 ya kai kashi 24. Wannan fa a wuraren da kowane ɗan wasa ke da likita da mai tausa da mai dafa masa abinci. Kuma muguntar ciwon nan ba ta farko ba ce, dawowa yake yi. Yakan dawo ne a makonnin farko bayan mutum ya koma wasa, a daidai wurin da ya yage, kuma na biyun ya fi na farko cin lokaci. Michael Owen yana shekara 19 tsokarsa ta yage a wasan Liverpool da Leeds, a Afrilun 1999. Ya ci gaba da wasa, har ya ɗauki kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai a 2001, amma da bakinsa ya sha faɗa cewa gudunsa bai koma kamar da ba. Kai kuwa me kake da shi a gefen nan na dama in ba gudu ba? Gudun nan shi ya fitar da kai daga filin ƙura na bayan makaranta ya kai ka inda kake.

Na tabbata kwanakin farko sun riga sun wuce, kuma na tabbata an yi maka abin da bai kamata ba, don na san mutanenmu. Da an ji ciwo sai a ɗora ruwan zafi, a kawo man zafi, a sami ƙato ya hau murza. A kwana 2 zuwa 3 na farko, gashi da murza ƙara zubar da jini suke yi a ciki. Abin da ake so a lokacin ƙanƙara ce a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa 2 ko 3, a ɗaure da bandeji mai ja ba tare da an shaƙe ƙafar ba, a ɗora ta kan filo, a riƙe sanda in taku yana sa ɗingishi. Wanda ya wuce ya wuce. Amma daga yau kada ka yarda kowa ya ja maka ƙafar nan. Ina girmama masu ɗori, kakanka da hannun mai ɗori ya miƙe bayan faɗuwar nan tasa, ba zan taɓa mantawa ba. Sai dai naka ba karaya ba ce, ba gocewa ba ce, babu abin da za a mayar mazauninsa. Ƙaho da tsaga ma ka bar su. Innarku ta riga ta fara zancen wanzami, na ce mata a'a.

Yadda tsokar ke warkewa shi ne abin da yaran yanzu ba su da haƙurin fahimta. Jiki yana cike wurin da ya yage da wani sabon nama mai kama da tabo. Da farko ɗanye ne, ba ƙarfi. In aka bar shi kwance ba motsi, sai ya bushe ya ƙanƙance ya yi tauri kamar ƙirgi. In aka fizge shi da wuri, sai ya sake yagewa. Ka taɓa tsayawa ka kalli majema da fatar akuya? Ba rana ɗaya suke mayar da ita taushi ba. Jiƙawa, kankarewa, shafa mai, ja kaɗan, ajiyewa, a dawo gobe. Haka ake yi wa tsokar nan. Zaman banza ba ya warkar da ita, gaggawa ma ba ta warkar da ita.

Ana farawa da abin da za ka raina. Ka kwanta rigingine a kan tabarma, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka danna diddige cikin ƙasa, ka riƙe kamar daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saki. Daga nan ka riƙa ɗaga ƙugu sama da ƙafa biyu, in ya yi sauƙi ka koma da ɗaya. Tafiya da gajeren taku, keken motsa jiki ba nauyi. Ɗan ja-ja a tsokar ba laifi ba ne. Suka mai kaifi, ko ciwon da ka wayi gari ya fi na jiya, shi ne alamar ka wuce gona da iri, ka koma baya taku ɗaya.

Sai kuma atisayen da ke ƙarfafa tsoka tana miƙe, don a miƙe ta yage, a miƙe ya kamata ta koyi ƙarfi. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Askling, ya tsara guda uku. Na farko, kana kwance ka rungumo cinya da hannu biyu, ka riƙa miƙe gwiwa a hankali, ka tsaya daf da inda ciwo zai fara. Na biyu, ka tsaya a kan ƙafar mai ciwo ka sunkuya gaba, hannuwa a miƙe, ɗaya ƙafar tana tashi baya, kamar mai shirin faɗawa gulbi. Na uku, ka riƙe wani abu da hannu, nauyinka a kan diddigen mai ciwo a gaba, ka bar lafiyayyar ƙafar ta zame baya a kan tsumma, sannan ka jawo kanka da ƙarfin hannu. A binciken da ya fitar a 2013 kan 'yan ƙwallon ƙasarsu, waɗanda suka bi wannan tsarin sun koma fili cikin kwana 28 a matsakaici, waɗanda suka bi tsohon tsari kwana 51. Ka duba lissafin nan da kyau. Mafi saurin hanyar da aka samu a binciken nan kwana 28 ce, kai kuma wani yana ce maka mako biyu.

In ƙarfi ya fara dawowa sai a shiga wanda na sha sa ku a filin makaranta kuna guna-guni: ka durƙusa a kan gwiwa, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗawa gaba a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya har sai ka kasa, ka tare da hannu. Turawa na kiransa Nodik, yana cikin tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, kuma bincike da yawa sun nuna yana rage raunin nan da kusan rabi. Wannan ba na jinya kaɗai ba ne, abokin zamanka ne har ka ajiye takalmi. Gudu kuma hawa-hawa ake komawa gare shi: sassarfa, rabin gudu, kashi uku cikin huɗu, sannan cikakke, da hutun yini a tsakani.

Kalanda ba ta sallamar mai wannan ciwon. Kafin ka sa riga a wasa, a danna wurin da yatsa ka ji ba komai. A gwada ƙarfin ƙafafun biyu a ga sun yi kusan daidai. Ka kwanta ka wurga ƙafar sama a miƙe da sauri ba tare da gabanka ya faɗi ba. Ka yi cikakken gudu sau da yawa a atisaye, ka kwana ka tashi lafiya. Ga ma ma'auni da kake da shi sau biyar a rana: ruku'u. Muddin ka sunkuya ka ji bayan cinyar nan ya ja ka fiye da ɗayan, da saura. A yanzu ma ka yi sallarka a zaune a kan kujera da matashi a ƙarƙashi, addini ya ba ka wannan sauƙin, kada ka ji kunyar abokan ɗaki.

To, Babana, mu zo kan abin da ya hana ni barci.

Duk abin da na lissafa maka a sama, da me ake auna shi? Da ciwo. Shi ke ce maka nan ne iyaka yau, gobe ka ƙara kaɗan. Jiki magayi. Ranar da ka sha abin da zai rufe masa baki, ko aka tsira maka allura wurin ya mutu, yagewar tana nan yadda take, kai ne dai ka daina ji. Za ka shiga fili ka ga ƙwallo ta wuce mai tsaron baya, ka manta da komai ka bi ta kamar yadda ka saba, igiyar da rabinta ya rage ta ƙarasa. A gaban mutanen da kake so su ɗauke ka za a fitar da kai a kan makara ta 'yan wasa. Su rufe littafinsu su kalli yaro na gaba. Wanda ya ba ka shawarar allura gobe yana da wani mai lamba bakwai. Ni ba ni da wani kai.

Ban ce ka zauna da azaba ba. Farasitamol ya isa ga yawancin irin wannan ciwon: ƙwaya 2 masu 500, bayan kowace awa 6, kada su wuce 8 a yini da kwana, don fiye da haka hanta yake ci. Su ibufurofen da dikilofenak, in likita ya rubuta, bayan cin abinci ne, na 'yan kwanaki kawai, da ruwa mai yawa. Masu gashin ƙashi da yawa ma sun fi son a ɗaga musu ƙafa a kwanakin farko, don kumburin nan wani ɓangare ne na aikin gyaran da jiki ke yi. Wanda ya mayar da su abincin kullum, yana gudu cikin rana yana zubar da gumi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake kira. Haɗin kemis kuwa, wanda ake ƙulla maka a leda, ja da fari da rawaya, ba ka san me ke ciki ba, kada ya shiga bakinka.

Tiramol daban ne. Ko ta fuskar sana'arka ka duba: tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, ta haramta shi lokacin gasa, allurar sitiroyid ma kowace iri an hana ta lokacin gasa tun farkon 2022. Kana mafarkin Turai, can fitsari suke karɓa a kwalba. Amma wallahi ba WADA ce ta hana ni barci ba.

Kai ka riƙe wa yayanka kai a daren nan. Kana aji biyar. Ka ga yadda jikinsa ke jijjiga a kan siminti, ka ga kumfa, ka ga haƙorin da ya karye, ka ji salatin Innarku, ni ina bin layi ba takalmi ina buga ƙofofin masu mota. Shi ma ai da ciwon baya ya fara, lokacin aikin bulo. Ɗaya ce da safe don ya iya ɗaukar kaya. Ta koma biyu. Masu 50 da 100 da likita ke rubutawa suka daina yi masa, ya koma masu 225 da ake sayarwa a ɓoye. Hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na san ta kamar yunwar cikina, na san kowane rami da ke kanta. Filin Arkilla ka san inda kuɗinsa suka tafi. An ce binciken ƙasa na 2018 ya samu mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan ƙwayoyi, su tiramol da kodin, ba da izinin likita ba. Ni ban san miliyan ba, ɗaya na sani, kuma ni na raɗa masa suna. Yanzu alhamdu lillahi wata 9 ke nan yana tsaye, yana zaure yana gyara wa yara kekuna. In ya ɗauki sifana ina kallon hannunsa ta wutsiyar ido, har yau da 'yar rawa.

Bayan duk wannan, kai, kai da ka gani da idonka, a ce an ga katin nan a takalminka? Me kake so in ce? Wane irin kunne gare ka? Ko so kake ka ƙarasa matar nan da hawan jini ya riga ya sa gaba? Kada ka ce mini guda biyu ne kawai, na taɓa jin wannan maganar a gidan nan, da irin muryarka. Kada ka ce mini kowa a sansanin yana sha. Ba kowa na haifa ba. In har ka ɓalli ta uku bayan ka karanta takardar nan, ka sani da sanina ka yi, kuma ban yafe wannan ba.

Na ajiye biro na je na yi alwala na dawo.

Na san kana riƙe da ni a zuciya tun shekarar da na ƙi sa hannu ka bi mutumin nan kafin ka gama jarrabawa. Za ka ce ga shi Baba zai sake tare mini hanya. Wancan ban yi nadamarsa ba, ka ga yadda ta ƙare wa waɗanda suka bi shi. Kuma ka tambayi kowa a dangi wa ya tsaya maka lokacin da Kawunka ya ce ƙwallo sana'ar 'yan iska ce. Takalminka na farko da kuɗin jarrabawar da na yi wa maki na saye shi. Ba wanda ya kai ni son ya ga ka sa rigar ƙasar nan.

Akwai dai abu ɗaya da ke ci na. Ranar gasar makarantu a filin Giginya, kana aji uku, ka zo ka same ni kafin tseren mita 200, ka ce cinyarka tana ja. Na dube ka a gaban yara na ce namiji ba ya raki. Ka yi gudun, ka zo na biyu, ka yi mako uku kana ɗingishi, ni kuma ina alfahari. Abin da aka koya mana ke nan a zamaninmu, kuma na yi ne don kada a ce ɗan malami ana lallaɓa shi. Daga baya na karanta cewa babu abin da ke jawo raunin nan kamar tsohon rauni a wurin. Da yaron nan ya ce ƙafar dama, sai da na dafa bango. Ita ce dai ta ranar nan.

Shekara da shekaru ina ba ɗalibai labarin Derek Redmond, ɗan tseren Birtaniya da tsokar nan ta tsinke masa a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, ya tashi yana tsalle da ƙafa ɗaya sai ya kai layi. Ina ba su ne don su koyi juriya. Yanzu in na tuna hoton, ba yaron nake gani ba. Uban nake gani, wanda ya ture masu gadi ya sauko cikin fili ya sa kafaɗa ya ɗauke wa ƙafar nan nauyi. Abin da ya kamata in yi a Giginya ke nan, ban yi ba. Maganar da na faɗa maka ranar nan na janye ta. Ka yi raki, Babana. Ka faɗa wa mai horar da ku cewa ba za ka iya ba, in ya ji haushi ya ji.

Masu ɗaukar 'yan wasa ba wannan ne zuwansu na ƙarshe ba. Shekararka 20. Wanda ya gan ka bayan wata biyu kana tashi kamar barewa ya fi wanda zai gan ka nan da mako biyu kana kare ƙafa. Rabonka ba ya wuce ka.

Ga abin da nake so. Ka nemi izini ka taho gida. Na tura kuɗin mota ta asusun abokin ɗakinka, da ƙari don ka sayi kujera biyu ka miƙe ƙafar, ka sa filo a ƙarƙashin cinya, duk inda aka tsaya ka sauko ka ɗan taka. In ka iso mu je asibitin ƙashi na Wamakko ko asibitin koyarwa a yi hoton, mu ji bakin likita, a haɗa ka da masu gashin ƙashi. Sauran aikin ni da kai ne, bayan asuba kafin rana ta ɗaga. Ni zan danne maka idon sawu, gwiwoyina ba su mutu ba tukuna. Ƙwai da wake da kifi da nono ba za su gagare mu ba, barci kuma sai ka ƙoshi, don tsoka da abinci da barci take ginuwa. In kuma kulob ɗin sun ce ba za su sake ka ba, to su kai ka wurin likita na gaskiya, ka turo mini hoton takardar da ya rubuta in gani da idona.

Katin nan kuma kada ka ba kowa, kada ka ajiye don wata rana. Ka jefa shi masai. In ka ji jikinka yana neman sa, in ma ka daɗe kana sha fiye da yadda yaron nan ya gani, ka gaya mini gaskiya. Ba zan ɗaga murya ba, na yi maka alkawari. Na yi wa yayanka faɗa shekara biyu ba abin da ya gyaru, sai ranar da na yi shiru na raka shi wurin likita.

Innarku ba ta san zancen ƙwayar ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Ta leƙo yanzu ta ga fitila a kunne, ta ce, "Ka ce mai ya komo gida, ƙahwatai ta hi kuɗɗin ga." Ta ce kuma ta sa an daka maka gero, fura tana jiran ka. Yayanka ya ce a gaishe ka, wai ya gyara tsohon kekenka, in likita ya yarda ka fara da shi.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan bar wayar a aljihun gaba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya tsare mini kai, Ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka.